Ta Huɗu

Nélida ta kawo ta ranar Laraba
a bayan a-kori-kura, tun daga Coyhaique,
ɗaure da igiyar shanya,
kunne ɗaya a miƙe, ɗaya a karye.
Ta ce, “Baba, sunanta Chilca.
An yi mata aiki, ba za ta haihu ba.
Kada ka shigar da ita ta ƙofa,
ka haɗa su a fili, inda ba gidan kowa ba.”

Shekara hamsin ina kiwo da karnuka,
yau ’yar cikina ke koya mini.
Na haɗiye maganar da ruwan mate, na bi umarni.

A bakin tafki muka haɗa su,
iskar kudu na neman ƙwace mini hula.
Tordo ya fara isowa, ƙirji a gaba,
shi da yake ganin duk tumakin kwarin nan gādonsa ne.
Humo na biye, wawa mai farar zuciya,
jela na kaɗawa kamar za ta tsinke.
Tsoho Cacique bai ko tashi ba.
Yana ta rufe masa ido tun bara,
hanci kawai ya ɗaga yana karanta iska.

Ta tsaya cak, ta bari suka shinshina.
Da Tordo ya ɗora mata haɓa a wuya
sai ta nuna masa haƙori guda.
Guda tak.
Ya tuna yana da aiki a wajen shinge.

Kwano huɗu na jera, nesa da juna,
ƙashi kuwa na ɓoye shi saman rumbu.
Duk da haka a dare na uku aka yi ta,
ba da ita ba,
tsakanin ’yan’uwan da suka sha nono ɗaya.
Na watsa musu bokitin ruwan ƙanƙara,
na ɗinke kunnen Humo a hasken fitila
ina zagin kaina, ina zagin Laraba.
Wadda aka yi dominta
tana can ƙarƙashin tebur tana lasar ƙafa,
ko a jikinta.

Na yi niyyar mayar da ita.
Har na zuba wa mota mai.

Da asuba dusar ƙanƙara ta shafe hanya,
na ƙirga tumaki, na ƙirga karnuka,
babu Cacique.
Na yi fito har leɓena ya tsage.
Can gefen rafi, inda gaɓa ke zaftarewa,
na hango baƙi biyu a cikin fari:
tsohon na tafe da sanda irin ta makafi,
sandar kuwa ita ce,
kafaɗa manne da kafaɗa,
in ya karkata wajen ruwa ta tare,
in ya tsaya ta jira.
Ba wanda ya koya mata.
Ni dai ban koya mata ba.

Yanzu gefen murhu nasu ne su biyu.
Tordo ya riƙe ƙofa, Humo ya riƙe takalmana,
kowa ya san iyakar gonarsa,
gurnani ya koma sai na cikin barci.

Ranar Lahadi Nélida ta kira ta rediyo
ta ce, “Yaya baƙuwa?”
Na ce, ta ci, ta kwanta,
ta saci cuku a kan tebur,
ita ce ke tashina kafin zakara.
Sai na ji shiru ya yi tsawo a wancan gefen.
Nan na gane abin da ta jiyo.
Tun da muka rufe Ermelinda a ƙarƙashin itacen lenga,
damina huɗu ke nan,
bakina bai furta “ita” ba a gidan nan.
Shi, shi, shi, da ni.

Na ajiye rediyon, na ƙara itace a wuta.
Kunnen nan karyayye ya motsa,
bai ko buɗe mata ido ba.